Aiki, coci da gida: ina magidanci zai samo lokacin iyalinsa?

Sakataren Zumunta

Salama a gare ku, iyaye da 'yan'uwa cikin Almasihu.

Zumuntar Maza ta ikilisiyarmu za ta yi zama wata mai zuwa a kan yadda magidanci zai riƙe aikinsa ba tare da gida ya sukurkuce ba. Galibin membobinmu a Mararaba, Masaka da Ado suke kwana, su shiga Abuja aiki. Akwai ma'aikatan ofis, nas-nas, masu gadi, malaman makaranta, da waɗanda iyalinsu ke Jos ko Kafanchan su kuma suna nan su kaɗai. Kukan kowa iri ɗaya ne: mutum ya fita yara suna barci, ya dawo sun yi barci, ranar Lahadi kuma daga sujada sai mitin.

Ayoyin mun san su. 2 Tasalonikawa 3:10 ta ce wanda ya ƙi aiki kada ya ci. 1 Timoti 5:8 ta ce wanda bai kula da mutanen gidansa ba ya fi marar bangaskiya muni. Abin da muke nema shi ne yadda ake yi a aikace: me za a rage, a ina za a fara, kuma me ke sa mutane su ɗauki niyya su kasa ɗorewa. Don Allah kada a ce mana mu yi addu'a kawai, muna yi.

Tsohon Hedimasta

Salama, ɗan'uwa Sakatare. Kafin a buɗe ko aya ɗaya a zaman, ku raba wa kowa takarda da biro ya yi lissafin makonsa. Mako awa 168 ne, ga minista ga mai gadinsa.

Ɗauki ma'aikacin gwamnatin tarayya da ke zaune a Masaka. Barci awa 7 kullum, 49 ke nan. Ofis daga ƙarfe 8 zuwa 4, kwana biyar, 40. Hanya, in muka ba shi awa biyu zuwa, awa biyu dawowa saboda cunkoson Nyanya da Mararaba, 20. Wanka da cin abinci da shiri, 14. Coci, wato sujadar Lahadi da mitin ɗin bayanta, addu'ar Laraba, zumunta, koyon waƙa ko kwamiti, a ce 12. Asabar kuma ɗaurin aure, jana'iza ko taron 'yan garinsu, 6. An tashi 141, saura 27. Sai kowa ya ciro wayarsa ya duba wurin da take nuna awa nawa yake yi a kanta a rana. In biyu ne a gida, a cire 14. Saura 13. A nan ne ɗaki zai yi tsit.

Sha ukun nan ma ba duka ake mora ba, don yawancinsu bayan ƙarfe tara na dare suke faɗawa. Yaron firamare yana bukatar barcin awa 9 zuwa 12, saboda haka wanda za a tasa 5:30 na asuba dole ya kwanta kafin 8:30. Uban da ke shigowa ƙarfe tara abin da yake tararwa sananne ne: tuwo a kula a kan tebur, ƙaramin ya ɓingire a kujera da littafin aikin gida a ƙirji yana jiran a sa masa hannu. In ya tashe shi don su gaisa, gobe malami ne zai sha fama da gyangyaɗi a aji. Ke nan ba yawan awanni kawai ake nema ba, awannin da yara suke ido biyu ake nema.

Kada kowa ya yi alkawarin dawowa da wuri kullum, mako guda zai yi ya karye. Ya zaɓi kwana biyu, misali Talata da Alhamis, ya tashi ƙarfe huɗu cif, babu tsayawa hira a bakin ƙofa, babu jiran hanya ta sake. Wannan jiran hanya shi ne babban ɓarawo: mutum ya zauna a gari har bakwai da sunan gudun cunkoso, ya isa gida tara da rabi. Ya rubuta kwanakin nan biyu a kalanda kamar yadda zai rubuta ganawa da darakta, ya faɗa wa matarsa da yara, don yaro in an faɗa masa ba ya mantawa, shi zai riƙa tuni. In an shigo, waya ta tafi caji a ɗaki har sai yara sun kwanta.

Sai sujadar iyali, wadda a ganina a nan aka fi yin ɓarna da kyakkyawar niyya. Mutum ya dawo daga taron farkawa da zafinsa, ya tashi gida ƙarfe huɗu da rabi, a yi waƙa uku, a karanta sura guda, ya yi wa'azin minti ashirin. Kwana huɗu abin ya mutu. Minti 10 zuwa 15 ya isa: baiti biyu na waƙa daga littafin waƙoƙi, aya 5 zuwa 10, yaro ne zai karanta ba uba ba, tambaya ɗaya tak, kamar "me ka ji a nan?", sai addu'a gajeriya, yau wannan gobe wancan. A ɗaura ta a jikin abin da dama ana yi kullum, ko dab da karin kumallo ko bayan tuwon dare, don abin da ba shi da maƙale shi ne ake fara mantawa. Maimaitawar Shari'a 6:7 ba ta ce a kafa aji ba. Ta ce a riƙa zancen maganar Allah a zaune a gida, a tafe a hanya, da kwanciya da tashi. Uban da ke kai yara makaranta yana da minti ashirin nasa a hanya ba tare da ya nema ba.

Ga masu ƙananan yara a fara da Markus, sura 16 ce kuma labari ne bayan labari. Karin Magana sura 31 ce, tana tafiya da kwanakin wata, sai dai a zaɓi ayoyi, ba kowace sura ce ta kunnen ɗan shekara shida ba. Luka sura 24, in aka fara 1 ga Disamba a gama a jajibirin Kirsimeti.

Kuskure na ƙarshe, kuma shi ya fi muni: mayar da sujada kotu. A karanta Afisawa 6:1 a kan biyayya, sai uba ya juya ya fara jero laifin wanda ya fasa kofi jiya. Yaro zai haɗa Littafi Mai Tsarki da bulala a ransa. Aya ta huɗu ta wannan surar da iyaye maza take magana, kada su tsokani 'ya'yansu su yi fushi. Hukunci a ba shi nasa lokacin daban.

Maman 'Yanbiyu

Baba Hedimasta, sannu da ƙoƙari, lissafin ya yi. Amma da izininka, lissafin namiji ne. Babu girki a ciki, babu wanki, babu ɗiban ruwa, babu kasuwa, babu kwana a zaune da yaro mai zazzaɓi. Matar wannan mutumin na Masaka sau da yawa ita ma ma'aikaciya ce ko mai shago, kuma duk wannan yana kanta. Ku ce wa mazan su ɗauki takarda ta biyu zuwa gida, su cika ta tare da matansu. Girki sau biyu a rana da wanke-wanke kaɗai zai ci awa uku, 21 a mako. Wanki da guga 5 ko 6, cefane da niƙa 3, shirya yara da aikin gida na makaranta wajen 10. An doshi awa 40, wato aikin ofis na biyu wanda babu albashi. Miji ya dawo da wuri ranar Talata ya zauna a falo yana jiran a kawo ruwa, bai rage komai ba, ya ƙara mata baƙo ne kawai.

Abin da ke aiki shi ne a raba ayyuka da suna, ba "zan taimaka in na samu dama" ba. Wanda ake roƙonsa kullum kafin ya yi, bai ɗauke nauyin ba, don tunawa da bin baya ma aiki ne. Miji ya ɗauki abu biyu ko uku su zama nasa ɗungurungum: gugar kayan makaranta daren Lahadi, cika duro da ruwa, cika tukunyar gas, duba aikin gida da sa hannu, wankan ƙananan yara da safe. In ya yi ba daidai ba a farko, uwargida ta kawar da kai. Mata da yawa su ke korar mazansu daga kicin da gyara, sannan su dawo suna ƙorafi.

Masu cewa wannan ba aikin namiji ba ne su buɗe Yahaya 21. Bayan tashinsa daga matattu, almajirai suka fito daga jirgi suka tarar da garwashi da kifi a kai da gurasa, Ubangiji ya ce su zo su karya kumallo. A sura 13 shi ya ɗaura tawul ya wanke ƙafafu. Kuma 1 Bitrus 3:7 ta ɗaura addu'ar miji a kan yadda yake zama da matarsa, kada addu'arku ta hanu. Ita kuma macen Karin Magana 31 da ake yawan karanta mana ranar mata, a lura tana sayen gona, tana ciniki, kuma tana da 'yan mata masu yi mata aiki. Ba ita kaɗai take ɗaukar jinkar ba.

Dabarun rage aiki kuwa: a yi jajjagen mako ranar Asabar, tumatir, tattasai, attaruhu da albasa, a tafasa har ruwan ya ƙone, a soya da mai, a raba a ƙananan robobi gwargwadon girki ɗaya-ɗaya, a sa a firiza. In aka zuba a roba ɗaya babba, kullum sai an narkar da duka, kuma wannan narkewa da daskarewa shi ke sa ya yi tsami, balle inda wuta ba ta tsayawa. A surfa wake a shanya a ajiye, ranar ƙosai ko alala jiƙawa kawai za a yi. Kayan makaranta, takalma da jaka a jera su da dare. Ɗan shekara 5 zai iya kwashe kwanuka, ɗan 8 shara da wanke safarsa, ɗan 12 dafa shinkafa, kuma maza da mata duka, kada a bar wa 'ya mace ita kaɗai ɗan'uwanta yana ƙwallo.

Maganar ɗauko yarinya daga ƙauye ita ce mafitar da gidaje da yawa suke bi, kuma ya kamata Zumunta ta taɓa ta ba tare da kunya ba. Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003 ta hana sa yaro aikatau a wajen gidansu ko danginsa. In 'yar dangi ce ake riƙo, to riƙo ne: makarantar da ta dace, tukunya ɗaya, barci a kan lokaci, ta shiga sujadar iyali a zaune ba tana wanke-wanke a baya ba. In aiki ake so, a ɗauki babba a yanka mata albashi a biya ranar da aka ce. Ba daidai ba ne mu sayi lokacin zama da 'ya'yanmu da ƙuruciyar 'yar wani.

Abu ɗaya kuma, miji da mata su ma suna bukatar nasu lokacin da ba na yara ba, ba na lissafin kuɗin makaranta ba. Ko minti talatin ne a tsakar gida bayan yara sun kwanta, da gyaɗa a faranti.

Dattijon Ikilisiya

Salama. Na ga kowa yana kewaya awa 12 ɗin nan na coci, to bari dattijo ya taɓa su.

Gaskiya ce, mu shugabanni muna da laifi. A ikilisiyoyinmu da yawa, ko ECWA ko COCIN ko EYN ko HEKAN ko Baptis, in ka duba allon sanarwa babu yammacin da babu abu: yau dattawa, gobe Zumuntar Mata, jibi addu'ar tsakiyar mako, gata mawaƙa, ga Sabon Rai, ga matasa, ga Birged. Kowace ƙungiya ita kaɗai ba ta da laifi. Matsalar ita ce mutum goma sha biyar ɗin nan su ne a ko'ina. Ma'ajin gini shi ne malamin Makarantar Lahadi, shi ne mai bes a ƙungiyar mawaƙa, matarsa kuma shugabar mata. Yaransu su ne marayun ikilisiya.

Hidimar coci da Allah ba abu ɗaya ba ne, ko da yake suna da dangantaka. A Markus 7:9-13 Yesu ya tsauta wa masu cewa abin da ya kamata su ba iyayensu sun keɓe shi ga Allah. Abin da suka yi da dukiya, mu muna yi da lokaci. Eli yana bakin aikin Haikali, ko in ce Alfarwa, a Shilo, amma 1 Sama'ila 3:13 ta ce hukunci ya zo ne don ya san abin da 'ya'yansa suke yi bai hana su ba. Kuma sharaɗin shugabanci a 1 Timoti 3:4-5 shi ne mutum ya iya sarrafa gidansa tukuna. Gida bai ƙoshi ba, ba a kai wa dawa.

Abin da majalisar ikilisiya za ta iya yankewa a zama ɗaya: mutum ɗaya, muƙami ɗaya mai nauyi. Shawarar Yetro ce ga Musa a Fitowa 18, ka raba aikin ga shugabannin dubu, ɗari, hamsin da goma, in ba haka ba za ka gaji, jama'a ma su gaji. A tara ƙungiyoyi a yammaci biyu, maza a wannan ɗaki, mata a wancan, yara da matasa a waje, iyali su zo tare su koma tare. Inda wuri bai isa ba, a tabbata dai ba a fitar da miji da mata a dare ɗaya an bar yara su kaɗai ba. A bar aƙalla dare biyu a mako babu komai a harabar coci, a sanar daga bagade cewa na iyali ne. Mitin kuma a rubuta ajanda kafin a zauna, a sa masa iyaka awa ɗaya da rabi. Abin da ke ja shi zuwa awa uku ba yawan aiki ba ne, jiran masu latti ne da maimaita abin da wani ya riga ya faɗa. A fara a kan lokaci sau uku a jere, masu latti za su gyaru.

Amma in faɗa wa maza tasu gaskiyar. Ibraniyawa 10:25 tana nan, kada mu bar taruwa. Akwai wanda zai ji wannan koyarwa ya daina zuwa addu'ar Laraba da sunan iyali, sai ka same shi a gidan kallon ƙwallo ko a teburin da aka sani a bakin titi. In aka sauke wa mutum muƙami don gidansa, to matarsa ce shaida ko awannin sun iso gida.

Magatakarda

Wani ɓangaren lokacin da ake nema doka ta riga ta bayar, mutane ne ba sa karɓa.

Dokar Ƙwadago ta Nijeriya ta ba ma'aikaci hutun awa 24 a jere cikin kowane kwana bakwai, da hutun shekara na aƙalla kwana 6 na aiki da cikakken albashi bayan ya cika wata 12. Mai juna biyu tana da mako 12, shida kafin haihuwa shida bayanta, da aƙalla rabin albashi in ta yi wata shida a wurin, sannan rabin awa sau biyu a rana don shayarwa. Wannan shi ne mafi ƙaranci, kuma dokar ta fi shafar leburori da ƙananan ma'aikatan ofis. Manyan ma'aikata su duba takardar ɗaukarsu aiki, sojoji da 'yan sanda kuma suna da nasu tsarin. A aikin gwamnatin tarayya hutun haihuwa ba ya kasa mako 16, mai shayarwa tana da awa biyu a rana na tsawon wata shida bayan ta dawo, kuma a Satumba 2021 aka amince wa maza da hutun kwana 14 in an yi musu haihuwa. Maza da yawa ba sa nema don kunyar kada a yi musu dariya a ofis. Makon farko bayan haihuwa, musamman in tiyata aka yi, ba lokacin kunya ba ne.

Hutun shekara kuma ga inda ake asararsa. Ana cika jadawalin hutu tun farkon shekara, kowa ya rubuta Disamba, shugaba ba zai saki kowa da kowa ba, sai a ɗaga wa wasu har shekara ta ƙare. Inda aka yarda a raba, a ɗauki kaso ɗaya a Agusta lokacin dogon hutun yara, sauran a Disamba. A rubuta takarda a karɓi amincewa a rubuce, a miƙa aiki ga wani da bayani dalla-dalla, in ba haka ba waya za ta mayar da hutun aiki daga gida. Kuma a yi hattara da hutun da ke ƙarewa kaf a wurin gini a ƙauye, mutum yana tsaye kan masu bulo, iyali suna Mararaba.

Jihar Kaduna ta fara aikin kwana huɗu a mako ga ma'aikatanta a Disamba 2021, kuma zama da iyali yana cikin dalilan da aka bayar. Amma ranar da ba a raɗa mata suna ba, biki da buga-buga ne za su cinye ta.

Metiron

Ga masu duti, nas ko mai gadi ko direba, tsarin Talata da Alhamis ba zai yi ba, don makonsu ba ya maimaita kansa. Ranar da jadawalin wata ya fito a zauna da miji ko mata a kwafe shi a kalandar bango, a yi wa ranakun hutu da'ira, a zaɓi ɗaya a kowane mako ta zama ranar hutun gidan, ko da Alhamis ce. Mai dutin Lahadi kada ya ɗauki kansa mai zunubi. Matiyu 12:5 ta ce firistoci suna aiki a Haikali ranar hutu ba su da laifi, aya 12 kuma ta ce halal ne a yi alheri a ranar. Inda ake sujada biyu, ta Hausa da ta Turanci, ya kama wadda ta dace da dutinsa. 'Yan Katolika suna da Mas na yammacin Asabar. Abin da ba daidai ba shi ne a wayi gari wata uku babu ranar hutu ko ɗaya saboda karɓar dutin wasu don ƙarin kuɗi. Fitowa 34:21 ta ce a huta ko a lokacin huɗa da girbi, wato lokacin da hutun ya fi tsada.

Wanda ya sauka daga dutin dare ya kwanta nan take awa huɗu zuwa biyar a ɗaki mai duhu, waya a kashe, a gaya wa yara da maƙwabta. Masu tsayawa su yi wanki da kasuwa tukuna su ne ke kaiwa yamma da faɗa a baki, yara su dawo daga makaranta su tarar da uwa ko uba kamar zaki. In miji da mata duka masu duti ne, su roƙi mai tsara jadawali kada darensu ya haɗu, amma kuma kada su zama kullum wannan na shiga wancan na fita. Aƙalla hutu ɗaya tare a mako biyu.

Ɗan Filato

Masu iyali a Jos ko Kafanchan, tambayar farko ita ce har yaushe. 1 Korantiyawa 7:5 ta yarda ma'aurata su rabu da juna bisa yarjejeniya kuma na ɗan lokaci. Rabuwar da aka fara da "sai na samu ɗaki" takan kai shekara goma don ba a taɓa sa mata rana ba. A zauna a yi lissafin tukunya biyu: hayar ɗaki a nan, abincin saye, kuɗin mota zuwa da dawowa wanda ya ninka tun cire tallafin mai a Mayu 2023, a gwada da kuɗin haɗa iyali wuri ɗaya ko da a Keffi ne. Wani lokaci rabuwar ce ta fi araha, wani lokaci ba ita ba ce, amma a sa wa'adi, a sake dubawa kowace shekara kafin a biya kuɗin makarantar zangon farko.

Kafin nan, kira ya kasance da lokaci tsayayye, misali 7:30 na yamma, a yi magana da kowane yaro da sunansa, a rufe da addu'a ta waya. Kuɗin cefane ya shiga a rana tsayayya ba sai an roƙa ba. Uwa tana da cikakken ikon hukunci. Kalmar "bari babanku ya dawo" tana mayar da uba dodo, ta mayar da uwa ba kowa ba. Shi kuma in ya iso ranar Juma'a da burodi da lemo na hanyar Akwanga, kada ya fara da rushe dokokin da ta kafa a bayansa. Zuwa biyu a wata da aka zauna a gida ya fi zuwa huɗu da Asabar ta tafi a biki, Lahadi a mitin, ƙarfe biyu an kama hanya. Kuma a bar tafiyar dare don ƙarin awa uku a gida, ba ta kai ba. Shi da ke zaune shi kaɗai ya shiga zumunta a inda yake, ya zama akwai ɗan'uwa ɗaya da ya san ɗakinsa kuma yana da izinin yi masa tambaya mai nauyi.

Sakataren Zumunta

Na gode, iyayena, Ubangiji ya sa albarka. Mama, takarda ta biyu ta shiga ajanda. Saura ɗaya da na san za a tambaya: masu aiki a kamfani, inda oga ke riƙe mutum har bakwai ko ya kira ƙarfe goma na dare, yaya za su nemi kwana biyun nan ba tare da aiki ya tafi ba?

Magatakarda

Su bi hanyar Daniyel a sura ta 1. Bai yi gardama da mai lura da su ba, ya ce a gwada su kwana goma a gani. Kada a je wa oga da wa'azi ko da dokar ƙwadago a hannu, kuma kada a je ranar da aka yi latti. A zaɓi lokacin da aka gama wani aiki da ya ji daɗinsa, a ce: "Ranka ya daɗe, ina roƙon a gwada ni wata ɗaya. Talata da Alhamis zan shigo bakwai in tashi huɗu, rahoton da ake bukata zai kasance a teburinka kafin uku. In aiki ya ja baya, mu koma yadda muke." Sai a cika alkawarin ba fashi, don Kolosiyawa 3:23 tana kan ma'aikaci shi ma, mai zuwa latti da dogon hira a ofis ba shi da bakin neman rangwame. Kiran dare kuma a ɗauka, a tambaya ko abu ne da zai iya kaiwa safe, in ya ce e, a ce zai same shi kafin takwas, kuma ya same shi. In ya amince da gwajin, a tura masa ɗan gajeren saƙo na godiya da ya ambaci ranakun da lokacin, a ajiye amsar, don ana canja oga, sabon kuma ba zai san da maganar baki ba.